Kwabo Takwas: littafin aikin wasanmu

Lahadi, 12 Janairu 2025

Yau muka yi zaman karatun farko, mu goma sha ɗaya, a wani aji da abokin aikina ya ara mana a nan Zariya. Hunturu na shigowa ta taga, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Na raba takardu na ce kada wanda ya fara kwaikwayo tukuna, a karanta kawai yadda ake karanta wa tsohuwa wasiƙar ɗanta.

Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya domin waɗanda suka sa mana hannu da kuɗinsu su san inda aka kwana, ni ma kada in manta dalilin kowace shawara da muka yanke.

Wasan dandamali ne da Hausa, za mu zaga da shi gari-gari. Labarin wani baƙar fata ne, mabushin kakaki a fadar Ingila zamanin Sarki Henri na Bakwai da ɗansa Henri na Takwas. Takardun fada suna kiransa John Blanke. Masana da dama na ganin laƙabi ne aka manna masa daga kalmar "fari" ta Sifaniyanci ko Faransanci, yadda ake ce wa zabgegen mutum Gajere. Farkon inda ya bayyana shi ne littafin ma'ajin fada na Disamba 1507, inda aka biya shi albashin Nuwamba, sule ashirin, a kan kwabo takwas kullum. Na sa ɗaya daga cikin yaran ya buga lissafin a allo: kwana talatin sau takwas, kwabo 240, fam guda cif. Nan muka samo sunan wasan.

Abin da tarihi ya ajiye a kansa bai cika tafin hannu ba. Akwai layukan albashi. Akwai sunansa cikin mabusan da suka halarci jana'izar Henri na Bakwai a Mayun 1509 da naɗin ɗansa a Yunin shekarar. Akwai takardar koke guda, da zanensa sau biyu a kan doki, da rigar da sarki ya ba shi da zai yi aure a 1512. Sai jerin mabusan fada na 1514, wanda babu sunansa a ciki. Da wannan za mu tsayar da mutum a gaban jama'a har awa ɗaya da rabi. Kafin mu tashi yau, kowa a ajin ya riga ya samo masa gari da uwa da budurwa. Na ga inda aikin zai yi mana nauyi ke nan: kame baki.

Asabar, 25 Janairu

Na je wurin Baba. Tsohon mabushin fada ne a wata masarauta, ya gaji busa daga mahaifinsa, yanzu ƙirji ya hana shi. Na tafi da goro da yaron da zai fito a matsayin Blanke, wanda ya taɓa busa begila a sakandare.

Bayan gaisuwa na zayyana abin da ya kawo mu. Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, "Malam, kakaki ba abin wasa ba ne. Ba a ɗaga shi sai sarki na nan. In ka busa a ɗakin kallo, wa kake kira?"

Na ce, "Baba, ba sarkinmu za mu kira ba. Wani sarki ne na Turawa da ya mutu kusan shekara ɗari biyar."

Ya ce sarki ko a kabari sarki ne. Amma daga baya ya yarda, bisa sharaɗi biyu. Ba za mu hau dandamali da kakakin fada ba, sai dai maƙeri ya ƙera mana namu. Kuma ba za a busa taken kowane sarki na ƙasar Hausa ba, ko da rabinsa. Sharuɗan sun yi mini daidai, domin kakakin da ke cikin zanen ya fi namu gajarta, kuma da tutar sarauta a rataye jikinsa. Ba shi da maɓallai irin na begilar badujala ta zamani, da leɓe da numfashi kaɗai ake sauya murya, wannan kuwa shi ne sanin da ke wurin Baba.

Sai ya tambaye ni nawa ake ba mutumin. Na faɗa masa. Ya ce, "Kullum, ko sai an yi hawa?" Na ce kullum, a rubuce. Ya jinjina kai. Su a zamaninsu mabushi da kyautar sarki da ta hakimai yake rayuwa, riga yau, hatsi gobe, wata rana doki. Da na ba shi labarin rigar auren, ya yi murmushi ya ce, "To, a nan sun yi irin namu."

Na gaya masa Larabawa na kiran dogon ƙahon ƙarfe nafir, Sifaniyawa suka ari kalmar suka mai da ita anyafil. Na kuma tuna masa cewa Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa ya fara, shi da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Henri na Bakwai ya hau gadon Ingila a 1485. Shekara goma sha huɗu ke nan ana yi wa Rumfa busa a Kano, ana yi wa Henri a Landan. Baba ya dubi yaron ya ce, "Ashe ɗan'uwan sana'a ne. Zo nan, ɗana, cika cikinka da iska in gani."

A hanyar dawowa na tabbata wasan nan yana da wurin zama a Hausa. Mutanenmu ba sa buƙatar a yi musu bayanin mutumin da ke tsaye kusa da sarki kullum, kowa na jin muryarsa, ba mai tambayar abin da ke ransa.

Alhamis, 13 Fabrairu

Rana irin ta yau a 1511 aka kammala babban wasan dawakai na kwana biyu a Wesminsta, daf da Landan, wanda Henri na Takwas ya shirya don murnar ɗa namiji da matarsa Katarina ta haifa masa ranar 1 ga Janairu. Sarkin da kansa ya sa sulke ya shiga fili da laƙabin da ke nufin Zuciya Mai Amana. Aka sa masu zane suka ɗauki bikin a kan fata guda 36 da aka haɗa, tsawonta ƙafa sittin, wajen mita 18. Har yau tana Landan, a ma'aikatar da ke kula da tambarin manyan gidaje. A cikinta ake ganin mabusa shida kan dawakai, sanye da kaya ruwan ɗorawa da ruwan toka. Biyar farare ne, kansu ba hula. Ɗaya baƙi ne da rawani. A wuri ɗaya rawanin ruwan ƙasa ne da ɗorawa, a ɗayan kore ne da zinare.

Mun yanke cewa wannan naɗaɗɗen zane shi ne zai zama bangonmu. Ba mu da motar ɗaukar katako, amma yadi yana shiga but. Na kai wa wani mai zanen manyan motoci farin yadi mita tara da hotunan da na buga, na ce ya zana da hannunsa yadda ya saba, kada ya yi ƙoƙarin zama Bature. Dawakan da ya fara fitarwa sun fi na ainihin rai. Mutum biyu za su riƙa warware yadin daga wannan gora zuwa waccan yayin da labari ke tafiya.

Karon dawakin ne ya ci mana kwanaki. A wasan nasu, mahaya biyu ne ke sukuwa su fuskanci juna da dogayen masu, shinge a tsakaninsu, kowa na neman ya karya mashinsa a jikin ɗan'uwansa. Mun gwada dokin kara, ya zama abin dariya, alhali wurin ba na dariya ba ne. Yanzu mun bar dawakin a jikin yadi. Ganga ce za ta yi kofato, a karya kara a bayan fage, mu kuma mu tsaya kan fuskar mabushi yana jiran a ɗaga masa hannu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon jahi ya san sauran.

Asabar, 22 Fabrairu

Jaririn da aka yi wa wancan biki ya rasu ranar 22 ga Fabrairu 1511, kwana tara bayan an watse, yana da kwana 52 a duniya. Yau muka gwada fitowar. Na rubuta wa Blanke dogon jawabi, yaron ya karanta, bai zauna ba. Wadda ke fitowa a matsayin Katarina ta ce, "Malam, a gidan rasuwa bara ba ya jawabi." Na soke shafin duka. Zai shigo, ya kwance tutar daga jikin kakakin, ya ninke ta, ya fita.

Asabar, 15 Maris

Azumi ya sa mun mai da gwaji bayan tarawi, awa ɗaya kawai, kuma ba busa sai yaron ya sami ƙarfi. Amma makon nan muka yi gardamar da ta fi kowace zafi, a kan rawanin.

A idon Bahaushe rawani ba ƙyalle ba ne. Da an gan shi an ga malami ko basarake, an ga Musulmi. Babban cikinmu, wanda ke fitowa a matsayin tsohon sarki, ya dage sai an sa fitowar da Blanke zai ɓuya da dare ya yi salla. Hujjarsa ita ce ana kyautata zaton mutumin ya zo Ingila ne cikin ayarin Katarina daga Sifaniya a 1501, shekara tara bayan faɗuwar Garnada, daular Musulmi ta ƙarshe a Sifaniya, a 1492, lokacin da ake tilasta wa Musulmin can shiga Kiristanci ko barin ƙasa. Ya ce mutumin da ya riƙe rawaninsa a tsakiyar fadar Kiristoci ya riƙe abin da ya fi rawani.

Mai fitowa a matsayin magatakarda ya ce, "Yaya, a yi haƙuri. Mutumin nan ya yi aure a 1512, sarki ya aiko da tufafin ango daga fadarsa ta Girinic. A Ingilar wancan zamani aure a hannun coci yake. Wanda aka ɗaura wa aure a can, an yi masa baftisma."

Kowannensu na da gaskiyarsa, kuma kowanne na son in rufe masa zancen da hatimi. Takardun fada kuwa ba su ambaci garinsa ba, ba su ambaci harshen uwarsa ba, ba su ce ga alƙiblarsa ba. Na kwana biyu ina juya abin. Ina jin ciwon a ɗauki mutumin da aka riga aka sauya wa suna, mu ma mu ɗora masa abin da muke so don ya yi mana daɗi. Wannan ma wani irin mallaka ne.

Ga abin da muka tsaya a kai, kuma ina ganin shi ne ƙashin bayan wasan yanzu. Magatakarda zai zauna a gefen dandamali daga farko har ƙarshe, da teburinsa da fitila da babban littafi. In littafin a buɗe yake, abin da ake yi yana da takarda a bayansa. In ya rufe shi da ƙarfi yadda na baya za su ji, daga nan namu ne, ƙirƙira ce. Zai faɗi wannan ƙa'ida da bakinsa tun a fitowar farko. Fitowar daren ta shiga, amma littafi a rufe: Blanke zai warware rawaninsa a hankali, ya zuba ruwa ya wanke hannu da fuska, ya tsaya, fitila ta mutu. Babbanmu ya ce bai ƙoshi ba, amma ya yarda.

Asabar, 12 Afrilu

Mun dawo daga hutun Salla. Makon nan na Katalina ne.

Ita ce baƙuwa ta biyu a wasan, kuma kullum tana ƙara cin wuri. Baiwa ce daga Motril, wani gari na bakin teku a ƙasar Garnada. Aikinta gyara wa Katarina gado. Sunan da take amsawa ma sunan uwargijiyarta ne da Sifaniyanci. Katarina ta sauka a Filimot, wani gari na bakin teku a Ingila, ranar 2 ga Oktoba 1501 tana da shekara goma sha biyar, aka ɗaura mata aure da Yarima Asa, yayan Henri, ranar 14 ga Nuwamba. Bai cika wata biyar ba ya rasu, ranar 2 ga Afrilu 1502. A 1509 ƙanen ya aure ta. Bayan shekaru, da Henri ya so rabuwa da ita saboda rashin magaji namiji, sai ya ce auren tun asali bai halatta ba, domin matar yayansa ce. Ita kuwa ta rantse cewa ita da Asa ba su taɓa sanin juna a shimfiɗa ba. Rigimar nan ce ta kai Ingila ga ɓallewa daga Fafaroma a 1534. Ana cikin shari'ar, wajen 1531, sai aka tuna da baiwar da ke sauya zanen gado. A lokacin ta riga ta koma Sifaniya, ta auri wani maƙerin baka, ta haifi 'ya'ya mata biyu. Aka sa sunanta cikin waɗanda za a nema su ba da shaida.

Wadda ke fitowa a matsayinta ma'aikaciyar jinya ce, ta girme mu duka banda mutum ɗaya, Anti muke ce mata. Da ta gama karanta tarihin ta ce, "Mai gyaran gado ta fi waziri sanin gida." Ita ta kawo shawarar cewa duk fitowar da Katalina ke ciki, hannunta na kan zanen gado, ko tana shimfiɗawa ko tana ninkewa. Farin zane guda ɗaya, daga farkon wasa har ƙarshe. Lokacin da manzanni suka zo mata da tambayarsu, littafi a buɗe yake har zuwa tambayar. Daga nan magatakarda ya rufe, domin amsarta ba ta cikin takardun da suka rage. Anti ta ninke zanen, ta ɗora a cinya, ta dube su. Mun gwada sau uku, sau uku ajin na yin tsit.

Haɗuwarta da Blanke tamu ce, littafi a rufe. Fitowa biyu kawai na ba su, ba soyayya a ciki. Baƙi biyu ne a bayan madafa suna gwada wa juna kalmomin da kowa ya rage da su.

Mun kuma ƙara abu ɗaya, littafi a buɗe: wasiƙar da wani matashin lauya, Tomas Mo, ya rubuta wa abokinsa bayan ya ga shigar ayarin Katarina Landan a 1501, inda ya yaba amaryar, ya yi wa masu rakiyarta ba'a, har ya kira wasunsu wadannin Habasha. Magatakarda zai karanta ta yayin da su biyun ke ratsa dandamali ɗauke da kaya.

Asabar, 26 Afrilu

Kakaki ya fito daga wurin maƙeri, na farin ƙarfe, gaɓa biyu. Baba ya busa sau ɗaya ya ce bakin ya yi faɗi, aka mayar aka rage. Rigar auren ta dawo daga marina. Takarda ta ce riga shunayya da hula iri biyu. Rinin farko ya fito baƙi-baƙi, na biyu ya yi daidai. Fitilu huɗu, ƙaramin janareta na haya, bas ɗaya. Saura mako guda.

Lahadi, 4 Mayu

Jiya muka buɗe a Zariya. Ɗakin bai cika ba, amma an haura rabi, yawanci ɗalibai da iyalanmu. Ƙa'idar littafin ta kama tun kafin a yi minti goma. A fitowa ta uku, da magatakarda ya rufe, na ji wata yarinya a bayana tana ce wa ƙanenta, "Wannan su suka ƙara." Abin da nake nema ke nan.

Abin gyara: kashi na farko ya yi tsawo, jana'izar tsohon sarki ta ja jiki, zan cire minti biyar. Leɓen yaron ya gaji kafin busar ƙarshe, muryar ta fashe. Baba ya ce ya daina shan ruwan sanyi kafin wasa, kuma a rage busa biyu daga tsakiya. A fitowar dare ɗakin ya rabu, wasu na cewa alwala ce, wasu na cewa wanke gajiya ne. Babbanmu ya zo bayan an tashi ya riƙe hannuna, bai ce komai ba.

Lahadi, 18 Mayu

Kano, wasa biyu, Juma'a da Asabar. Nan ne takardar koken ta nuna ƙarfinta.

Ita ce kaɗai wurin da muryar mutumin ta iso gare mu, ko da ta hannun marubuci ta biyo. Wani mabushi mai suna Dominik Jastiniyan ya rasu, gurbinsa na kwabo goma sha shida a kullum ya zama ba kowa. Blanke ya rubuta wa Henri na Takwas cewa albashinsa bai isa ya riƙe shi ya yi wa sarki hidima kamar yadda sauran mabusa ke yi ba, ya tuna masa hidimar da ya yi wa mahaifinsa, ya roƙi a ba shi gurbin mamacin. Sarki ya sa hannu. Takardar na nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar Ingila. A zamanin, lebura na samun kamar kwabo huɗu a yini, gwanin magini shida. Wato ba yunwa ce ta sa shi magana ba. Ya duba abin da ake ba na kusa da shi ne, mai busa irin tasa, ya ga bambancin.

A wasan, Blanke ne ke faɗa magatakarda na rubutawa. Magatakarda na ta sassauta kalmomi, yana cusa "Allah ya ja zamanin sarki" a kowane layi, yana so ya share "kamar sauran". Blanke ya bar masa duk kirarin, ya dafa takardar ya ce waɗannan kalmomi biyu su zauna. Jayayyar tamu ce, kalmomin na takarda ne, don haka magatakarda na buɗewa yana rufewa, har abin ya zama kamar kiɗa.

Daren Asabar, da aka ce kwabo goma sha shida, wani dattijo a layin gaba ya ɗaga murya ya ce, "Sule da kwabo huɗu!" kafin magatakarda ya kai ga faɗa. Ɗakin ya ɗauki tafi. Bayan wasa na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce ya yi aikin akawu tun kafin a sauya kuɗi zuwa naira a Janairun 1973, kuma shi ma ya taɓa rubuta irin wannan takarda ga wani Bature, ya kwana uku tana aljihunsa kafin ya miƙa. Ya ce, "Ɗana, ku bar yaron nan ya ɗan yi jinkiri kafin ya ba da ita. Ba a miƙa irin wannan da sauri." Mun sa jinkirin.

Baba ya zo wasan Juma'a, jikansa ya kawo shi. Bai yi maganar ƙarshen wasan ba sai da na tambaya.

Lahadi, 1 Yuni

Katsina ta zo da gwaji. Ɗakin da muka kama tun watan jiya, muka iso muka tarar an ba masu biki. Wani shugaban makaranta ya ba mu filinsa, Allah ya saka masa. Muka ɗaure gorori a jikin ginshiƙan baranda, muka jera benci. Hadari ya taso da la'asar, iska ta cika yadin kamar za ta tafi da shi, sai da ɗalibai huɗu suka zauna a bayansa suna riƙe da gindin har aka gama. Ruwan bai sauko ba sai da muka loda kaya. Kakakin kuma ya lotsa a but, wani mai gyaran radiyeta ya buga mana shi ya miƙe cikin rabin awa, ya ƙi karɓar ko sisi da ya ji abin da za a yi da shi.

A fili busar ta fi daɗi nesa ba kusa ba. An ƙera abin ne don sarari.

Bayan wasa mukan zauna minti ashirin a yi tambayoyi. Wata malama ta tambayi sunan Katalina na yanka. Anti ta amsa da kanta, ta ce wanda ya rubuta takardar bai ga dalilin tambayarta ba. Sai wani mutum, zai yi shekara hamsin, ya miƙe ya ce ya yi shekara tara yana aiki a gidan wani attajiri a ƙasar waje, kuma sunan da suke kiransa da shi ba nasa ba ne, sun ce nasa na da wuyar faɗa. Ya ce ba tambaya gare shi ba, so yake kawai ya faɗa. Ya zauna. Yaron da ke fitowa a Blanke ya bi shi har bakin ƙofa, sun daɗe suna magana.

Asabar, 21 Yuni

Mun huta don Babbar Salla, na yi amfani da hutun na sake ƙarshen wasan.

Yadda muka yi shi a garuruwa uku, Blanke na sanye da rigarsa shunayya, ya ɗauki kakakinsa ya nufi jirgin ruwa zai koma gida. Littafi a rufe yake, ba mu yi wa kowa ƙarya ba, kuma jama'a na tafi sosai. Amma tun Kano maganar Baba ke cina. Da na tambaye shi ya ce, "Malam, mabushi ba ya sallama. Ran da aka yi hawa ba a ji shi ba, shi ke nan." Na gane cewa jirgin nan don kaina na rubuta shi, don in huta da tunanin inda ya ƙare.

A sabon ƙarshen littafi a buɗe yake. Shekara 1514, mabusa sun jeru, magatakarda na bin jerin da yatsa yana ƙirga su. Inda Blanke ya saba tsayawa akwai tazarar mutum ɗaya, ba wanda ya matsa ya cike ta. Aka ɗaga hannu, suka busa. Katalina na gefe da zanenta. Mun gwada shi ranar Laraba da jiya. Yaron bai ji daɗin rasa fitowarsa ta ƙarshe ba, ya faɗa mini a fili, na kuma ji daɗin da ya faɗa. Jiya da ya zauna a benci ya kalla daga waje, ya ce a bar shi haka. Wannan na nufin muna buƙatar ƙarin kakaki biyu da mutum biyu da za su iya fitar da murya mai tsabta ko da guda ɗaya. Maƙeri ya ce mako uku.

Sakkwato na gaba, in damina ta bari, sai an sami ɗaki mai rufi kuma an biya an karɓi rasit. Bayan nan muna son Maraɗi da Damagaram. A can kunne ya saba da dala da jika, kwabo da sule ba za su taɓa dattawa yadda suka taɓa na Kano ba. Ba zan sauya kuɗin ba, tunda abin da ke takarda ke nan. Zan ƙara wa magatakarda layi biyu ya auna albashin da yinin lebura, ninki biyu kafin koke, ninki huɗu bayansa. Anti ba za ta sami hutun aiki ba sai Agusta, don haka tafiyar Nijar ta koma can. Kafin lokacin akwai takardun mota da na ƙetare iyaka, da ɗinke yadin inda iskar Katsina ta yaga shi ta gefen dokin farko. Gwaji na gaba Laraba, ƙarfe huɗu, kuma Baba ya ce a kawo masa sababbin mabusan gida tukuna ya ga leɓensu.